Yuro 340 Kafin In Shiga Ɗakina A Daren Sabuwar Shekara

Duk wanda ya taɓa zama a Jamus zai shaida cewa babu abin da mutanen nan suke tattali kamar shiru. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a son jin motsinka. Ranar Lahadi ba ka isa ka ɗauki guduma ka kafa ƙusa a bangon ɗakin da kake biyan haya ba, ko kwalba ba a yarda ka jefa a ma'ajiyar kwalabe ba, wai ƙarar fashewarta tana damun masu hutu. Yaro ya yi tsalle-tsalle a tsakar ɗaki da daddare, washegari sai ka tarar da 'yar takarda a akwatin wasiƙarka, an rubuta ta cikin ladabi, babu sunan kowa a ƙasa. To waɗannan mutanen dai su ne suke fitowa kan titi a daren 31 ga Disamba, kowa rungume da kwali, su mayar da gari filin daga har gabanin asuba.

Haukan ma a tsare yake. Kwana uku kacal a shekara doka ta yarda a sayar da kayan wasan wuta, a ƙarshen Disamba. A 2024 da yake 29 ga wata ta faɗo ranar Lahadi, sai aka buɗe kasuwar tun Asabar 28. Wanda bai kai shekara 18 ba ba a sayar masa da manyan. A nan Berlin an ce a fara kunnawa daga 6 na yamma a daina 7 na safe, kuma kada a kusanci asibiti ko coci ko gidan tsofaffi. Na ga layi a ƙofar wani kanti tun gari bai waye ba, cikin sanyin da ke tsaga leɓe, dattawa masu furfura suna tura keken sayayya cike da rokoki. Masu sana'ar sun ce a ƙarshen 2023 cinikin Yuro miliyan 180 suka yi. Kuɗi ne da ake banka wa wuta a dare ɗaya, a ƙasar da mutum zai riƙo kwalbar roba tun daga wurin aiki har unguwarsu don kada ya yi asarar santi 25 da ake mayar masa in ya kai ta kanti.

Mu dai ba mu da abin kunnawa. Abin da ya fitar da mu ranar Talatar nan, 31 ga wata, cefane ne, don manyan kantuna suna rufewa tun da rana, Laraba kuma hutu ce, ko allura ba za ka samu ba sai a kantunan manyan tashoshin jirgi ko 'yan shagunan dare masu tsuga kuɗi. Daga nan muka biya gidan wasu 'yan'uwa muka yi Magariba, wadda a wannan lokaci take faɗowa wajen ƙarfe 4, domin rana ba ta leƙowa sai bayan 8, ta kuma yi sallama kafin ka gama ganinta. Muka dawo duhu ya rufa, ni da uwargida da yara biyu da ledoji. Na zura makulli a ƙofarmu a hawa na uku, na murɗa yadda na saba, sai na ji ƙas. Kan makulli a hannuna, sauran a cikin kuba.

Dama kubar ta daɗe tana gardama, na kuma rubuta wa kamfanin da ke kula da gidan tun farkon sanyi, suka amsa da cewa saƙona ya iso. Uwargida tana da nata makullin a jaka, amma ina za a zura shi?

"Abbansu, kira mai kula da gidan mana."

Na kira. Murya ce da aka naɗa, tana yi mini fatan alheri a sabuwar shekara, tana sanar da ni cewa ofis zai buɗe ranar 2 ga Janairu. Akwai lambar gaggawa, amma matar da ta ɗauka ta ce ita aikinta fashewar bututun ruwa ne da mutuwar hita, ƙofa ba ta cikin abin da aka ɗora mata. Sai intanet. Kana rubuta cewa mai buɗe ƙofa kake nema shafuka za su cika maka ido, kowanne yana rantsuwa a bayan layinku yake, minti 20 ya iso, farashi kuma daga ɗan abin da bai kai kuɗin cefane ba. Wasu ba su ɗauka ba, wani ya ce sai bayan ƙarfe 1 na dare. Wanda ya yarda zai turo mutum, da na ce nawa ne, sai ya ce sai ma'aikacinsa ya ga ƙofar.

Muka zauna a matakala. Fitilar matakalar gidajen nan tana mutuwa da kanta bayan 'yan mintuna don tattalin wuta, sai an tashi an danna. Aikin da na ba yarona ke nan, shi kam daɗi ma yake ji. Ina tsugune ina ƙoƙarin zaro guntun makullin da fil ɗin mayafin uwargida, sai ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe, iya tsawon sarƙa. Maƙwabcina ne, mutumin da in masu kawo saƙo ba su same shi ba ni suke bar wa kwalayensa, ya zo ya karɓa ya ce ya gode. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya ce, "A nan kake zaune?"

Na ce masa ai ni ne na ajiye maka katon kwalin nan a satin Kirsimeti. Ya ce au, haka ne, ya mayar da ƙofa. Bai tambayi abin da ya faru ba, bai ce ga yara a ƙasa su shigo daga ciki ba. Na ji makullinsa ya juya sau biyu, sumul, babu gardama.

Wallahi wannan tambayar ta fi sanyin ratsa ni. Da a gida ne, kafin in gama salati an taru a kaina. Wani ya kawo guduma, wani ya ce a ɓalle, wani ya ce a'a a cire ta taga, mutum goma shawara goma sha biyu. Watakila ƙofar ta lalace har a sake wata, amma kafin nan an ja uwargida cikin gida, an wanke wa yara hannu an zaunar da su gaban kwano. Ina zaune a matakalar nan ina lissafa maƙwabtanmu na gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda nake jin haushin yawan shigarsu sha'anina, na ji da zan ga ko da mafi surutun cikinsu ya ɓullo da na rungume shi.

Ba zan yi wa Jamusawa kuɗin goro ba, don wadda ta cece mu ma Bajamushiya ce. Tsohuwa ce a hawa na biyu, ta haura tamanin, yarana suna ce mata Oma, wato kaka. Ta ji muryar yara ta hawo tana dafa bango. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ce wa uwargida ta kwaso yara da ledojin, abin da zai narke a sa a firjinta. Ta rufe tagoginta ruf tun da yamma, ta kunna rediyo da ƙarfi saboda karenta da ke makyarkyata a ƙarƙashin kujera. Ta ce ita ta ƙi jinin wannan dare, don tana ƙaramar yarinya a 1945 ta ji irin wannan ƙara a garin nan, kuma wancan ba wasa ba ne. Ta fito da fanken da ake ci a daren, mai jam a ciki, ta ware wasu gefe ta ce waɗannan da giya a cikinsu, ba namu ba ne. Ban taɓa gaya mata abin da muke ci da wanda ba ma ci ba. Ashe tana lura.

Ita kaɗai take zaune. Ɗanta yana can kudancin ƙasar, zai kira ta ƙarfe 12 ya ce barka. Kullum da safe ma'aikaciyar jinya tana zuwa ta duba ta, ta jera mata magunguna, inshorar kula da tsofaffi da aka kafa tun 1995 ce take ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin. Fanshonta yana shiga ba tare da ta je ta yi layi a rana an tantance ko tana da rai ba. Na kalle ta na tuna Inna, wadda ba a taɓa barinta ita kaɗai ko na wuni ɗaya ba, amma in ciwon ƙafarta ya tashi sai an bi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya ana haɗa kuɗin magani. Na rasa wacce zan tausaya wa, sai na ci fanken.

Wajen ƙarfe 8 mutumin ya iso. Matashi ne, da 'yar jaka da fitila a goshi. Kafin ya taɓa ƙofar ya ce in nuna masa katin shaida. Na ba shi katin izinin zama, ya juya bayansa ya karanta adireshi, ya haska sunan da ke jikin ƙararrawar ƙofa, ya sake haska katin, ya haska fuskata. Na san ƙa'ida ce, kuma da ɓarawo ne ya kira shi a kan ƙofata da na so ya yi fiye da haka. Sai dai da yake ba a daɗe da tambayata ko a nan nake zaune ba, hasken nan a idona bai yi mini daɗi ba. Ya ba ni wata takarda ya ce in sa hannu na yarda da aikin. Ya durƙusa, ya gwada wani siririn ƙarfe, ya girgiza kai, ya ɗauko injin huda. Kafin yarona ya tashi danna fitila karo na gaba ƙofa ta buɗe. Ya zare tsohon kan kubar ya sa sabo, ya miƙo mini makullai a 'yar leda.

Sannan ya zauna a matakala ya yi lissafi a wayarsa. Kuɗin zuwa daban, kuɗin aiki daban, ƙarin dare da na jajiberin sabuwar shekara wanda ya ninka kuɗin aikin, kuɗin sabon kan kuba, har bakin injin da ya ce ya dakushe, sai harajin kashi 19 cikin 100 a kan duka. Yuro 340.

Jinin ciniki ya motsa mini. Na ce haba, aikin da bai kai minti 10 ba? Na ce a duba dai, ga iyali. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare, ya ce shi ba shi yake yanka farashi ba, ya zaro na'urar POS daga aljihu. A nan babu taya babu albarka, babu "kawo abin da ya sauwaƙa". Na sa kati, na'ura ta yi ƙara, rasit ya shigo wayata kafin ya gama zuge jakarsa. Ya ce mini a shiga sabuwar shekara lafiya, ya sauka da gudu, akwai wasu ƙofofin suna jiransa.

Ku da kuke gida na san abin da kuke yi yanzu, kuna juya Yuro 340 zuwa kuɗinmu kuna riƙe baki. Ku bar wannan lissafin, ga wanda ya fi shi. Mafi ƙarancin albashi a Jamus a 2024 Yuro 12.41 ne a awa. Mai karɓar wannan sai ya yi aikin sama da awa 27, kafin a cire haraji, sannan ya biya abin da yaron nan ya yi a tsugunne ɗaya. Ni da digiri biyu ina tsaye riƙe masa jaka.

Daga baya na gano cewa buɗe ƙofa ba ya cikin sana'o'in da doka ta ce sai an yi musu karatu, kowa zai iya yin rajista ya sayi inji ya fara, shi ya sa ƙungiyoyin kare masu saye suke yawan gargaɗi a kan masu wannan aiki. Akwai waɗanda aka karɓe wa ninkin nawa. Wato ko a ƙasar takarda da hatimi akwai masu cin kasuwar wanda ya shiga uku. Bambancin kawai su suna ba ka rasit.

Amma tsadar aikin hannu a nan gaskiya ce ko babu cuta. Kaya suna da sauƙi, hannun mutum ne ba ya taɓuwa. Za ka sayi injin wanki sabo, in ya lalace bayan garanti kuɗin zuwan mai gyara da awarsa ɗaya sun isa su sa ka fara tunanin sayen wani. Mai gyaran famfo da hita sai ya yi shekara uku da rabi yana koyo, rabi a makaranta rabi a wurin aiki, ana biyansa tun yana ɗan koyo, kuma kafin ya buɗe nasa shagon sai ya ci jarrabawar zama gwani. In ka kira shi ya ba ka rana nan da sati uku, kai ne da godiya. In ya ce ƙarfe 8 kuwa, 8 ɗin zai danna ƙararrawa. A shekarar da ta wuce na koyi fenti, na koyi haɗa kabad, na koyi canza bakin famfo, duk daga YouTube, ba don sha'awa ba. Aski ma uwargida ce take yi mana ni da yaro.

Mu kuwa mun raina mai sana'a. Ka kira kafinta ya wuni a gidanka yana zufa, in ya faɗi kuɗinsa ka ce haba, kamar ba ɗan'uwa ba, ka ba shi rabi ka ce sauran ya dawo wani satin. Ka tura ɗanka ya yi shekara huɗu a jami'a ya dawo ya yi shida yana yawo da takardu a fayil, amma in aka ce ya koyi walda ko gyaran wuta sai ka ce an zage ka. Su ma masu sana'ar ba a bar su a baya ba. "Ga ni nan a hanya" tun safe har Isha. Ya karɓi kuɗin kaya ya kashe waya. Ya gyara maka abu yau ya bar wata 'yar ƙofa da za ta sa ka neme shi jibi. Kai ba ka biya shi hakkinsa ba, shi bai riƙe maka alkawari ba, kowa yana ganin shi ya ci riba, aikin kuma yana nan a lalace.

Ƙarfe 12 muna ɗakinmu, yara sun manne da gilashin taga. Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba, sai dai in ce kamar ruwan ƙanƙara a kan rufin kwano, amma wanda ba ya tsagaitawa, kuma daga ƙasa yake tashi. Sama ta yi ja ta yi kore, kyau kam akwai kyau, ba zan ɓoye ba. Bayan rabin awa hayaƙi ya rufe layin har ba ka ganin gidan da ke tsallake, warin albarushi yana shigowa duk da tagogi a rufe. Hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta ce wasan wuta yana tayar da ƙura mai cutar da huhu kimanin tan 2,050 a shekara, mafi yawanta a wannan dare. A ƙarƙashin ƙarar kuma jiniya ce ba ta yankewa, 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da 'yan sanda.

Da safe labarai suka fito. Mutum biyar sun mutu a faɗin ƙasar sanadiyyar wasan wutar. A unguwar Schöneberg wani ya tayar da irin manyan dunƙulen wasan wutar nan da doka ta hana gama-garin mutane riƙewa, tagogi suka tarwatse, gidajen kwana 36 suka zama ba sa zaunuwa. 'Yan sandan Berlin sun kama kusan mutum 400. Irin waɗannan haramtattun kaya da yawa daga tsallaken iyakar Poland ake shigo da su, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba daga nan. A makon farko na Janairu an miƙa wa gwamnati sa hannun mutum kusan miliyan 2 masu neman a hana kowa da kowa kunnawa. An taɓa hana sayarwa a 2020 da 2021 lokacin korona, aka samu sauƙi, annoba tana wucewa aka koma gidan jiya. Don haka duk mai ce muku Bature ba ya abin da hankali ba zai ɗauka ba, ku ce ya zo Berlin a ƙarshen Disamba.

Abin da ya ba ni kunya shi ne shara. Da asuba na leƙa, titi ya cika da kwalaye ƙonannu da sandunan roka da fasassun kwalabe. Ranar hutu ce, amma motocin shara masu ruwan lemo sun fito tun da sassafe suna bin manyan tituna. A garuruwa da dama matasan Ahmadiyya sukan fito da tsintsiya bayan sallar Asuba su share dattin da ba su suka zubar ba, sun mayar da abin al'adarsu ta kowace shekara. A layinmu na ga wani uba da 'ya'yansa suna tsince abin da suka kunna jiya suna zubawa a buhu. Cikin 'yan kwanaki sai ɗan baƙin ƙuna a kwalta. Mu da muke haddace cewa tsafta cikon addini ce, a yi taro a ƙofar gida a watse, ledojin ruwa su kwana su wuni har iska ta kai su kwata, damina ta zo mu ce ambaliya ƙaddara ce.

Ranar hutun na zauna in yi lissafin shekara, sai na ga ai masu gidan sun riga ni. A nan ban da kuɗin haya, kowane wata kana biyan wani abu na ƙiyasi don hita da ruwa da sauransu, in shekara ta ƙare a yi lissafi na gaskiya. Doka ta ba mai gida wata 12 ya aiko, shi ya sa takardar 2023 ta iso mana ana saura kwanaki Disamba ta ƙare. Komai yana ciki, ruwan da muka sha da wanda muka zubar, kwashe shara, goge matakala, har wutar fitilar nan da yarona ya wuni yana dannawa. Akwai kason mai share bututun hayaƙi, mutumin da Jamusawa suke ɗauka alamar sa'a, suna raba 'yar siffarsa a sabuwar shekara tare da ta alade. Ni dai sa'ar da na gani a wurinsa layi ɗaya ce a takardar bashi. An ce in cika wasu kuɗi, domin tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 gas bai koma yadda yake ba. Na bi lissafin da biro, ban kama su da ko santi ɗaya ba, abin da ya ƙara mini haushi ke nan.

Ranar 1 ga Janairun 2025 kanta da nata ƙarin ta zo. Tikitin wata da ke ba ka damar hawa bas da jiragen cikin gari da na yanki a duk faɗin ƙasar ya tashi daga Yuro 49 zuwa 58. Kan sarki na wasiƙa daga santi 85 zuwa 95, kuma kada ku yi dariya, a nan rabin rayuwa ta wasiƙa ake yinta. Inshorar lafiya ta ƙaru. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa 12.82, kuɗin yara da gwamnati ke ba iyaye duk wata kuma daga Yuro 250 zuwa 255 a kan kowane yaro. Man shanu ma ya kai Yuro 2.39 a ɗan ƙunshin giram 250 a ƙarshen shekara, abokan aikina suka yi sati suna maganarsa kamar an yi rasuwa.

Jamus ɗin da kuke ji a labari ita ma ta fara tsufa. Kamfanin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn da kansa ya ce a 2024 kashi 62.5 cikin 100 ne kawai na jiragensa masu dogon zango suka isa a kan lokaci, kuma a wurinsu jirgin da bai kai minti 6 da makara ba bai makara ba. Baƙin da suka zo kallon gasar ƙwallon Turai a watan Yuni da Yuli sun koma gida da labarin. A Satumba wata gada ta rufta cikin kogi a Dresden. A Nuwamba gwamnatin haɗaka ta Olaf Scholz, shugaban gwamnati na lokacin, ta watse, aka sa zaɓe ranar 23 ga Fabrairun 2025, kuma a lokacin duk ɗan siyasar da ya hau mumbari maganar baƙi yake yi. Bayan harin da aka kai kasuwar Kirsimeti a birnin Magdeburg ranar 20 ga Disambar 2024, uwargida ta ce ta ga kallon da ake yi wa mayafinta a jirgi ya sake. A shekarar dai, ranar 27 ga Yuni, sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta fara aiki, shekara biyar maimakon takwas, kuma ba sai ka ajiye fasfonka na gida ba. Hannu ɗaya yana yafito ka, ɗayan yana nuna maka ƙofa.

Duk da haka in na ce shekarar ba ta yi albarka ba na yi butulci. Wuta ba ta ɗauke ba. Famfo bai ƙafe ba. Ƙaramar tana gidan renon yara, Yuro 23 kawai muke biya na abinci a wata. Babban yana cin abincin rana kyauta a makaranta, yana hawa bas da katin ɗalibai ba ko sisi. Da zazzaɓi ya kama shi cikin dare a watan azumi, kati kawai na nuna, babu wanda ya ce in fara ajiye wani abu. Sai dai a shekarar nan aka yi rasuwa biyu a danginmu da ɗaurin aure uku, duk ta waya na halarta, ana juya mini kyamara ina ganin rabin fuskokin mutane.

Da yamma na kira gida. Inna ta ce, "Ɗan nan, an ce jiya yaƙi aka yi a garinku." Na ce wasa ne Inna. Ta ce Allah Ya shirye su, ta tambayi ko yara suna sa rigar sanyi. Ban gaya mata zancen ƙofa ba. Yaya na gaya wa, ya yi dariya har da tari, ya ce da ka turo mini kuɗin da na hau jirgi na zo na ɓalle maka. Sannan ya kawo maganar da ya kira don ita, ɗansa ya gama sakandare, yana so in nema masa jami'a a nan. Na ce Yaya, in ka yarda da shawarata, a sa shi ya koyi gyaran famfo ko wuta sosai, ya haɗa da Jamusanci, su ake nema ido rufe. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ɗansa injiniya zai zama, in ba zan taimaka ba in faɗa. Muka yi sallama sama-sama.

Ranar 2 ga wata ofishin masu gidan ya buɗe kamar yadda murya ta yi alkawari. Na kai musu rasit da kwafin wasiƙar da na rubuta tun farkon sanyi. Matar ta duba ta ce akwai matsala, kan kubar da aka sa mini ba irin na gidan ba ne, nasu na musamman ne, makulli ɗaya yake buɗe ƙofar waje da ta ɗaki da ta ɗakin ajiya na ƙasa, sai an yi odarsa daga masana'anta a zo a sake cirewa. Na ce to wa zai biya wancan da wannan? Ta ce in rubuto. Na je ƙungiyar masu haya da nake biya wa kuɗin wata, lauyansu ya ce tunda na sanar da lalacewar kubar a rubuce ina da magana, ya tsara mini wasiƙa ya ce in ba su kwana 14. Na manna mata kan sarkin santi 95 na jefa a akwati. Yanzu makulli biyu nake yawo da su, na waje daban na ciki daban, mai sa sabon kan kubar kuma ya ba ni rana a farkon Fabrairu, tsakanin ƙarfe 8 da 12, ya ce lallai a samu mutum a gida.